Jif Ɗin da Ta Tashi Ba Direba

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da na fara fita daji da jif ba. Yanzu da na ajiye aiki, kuma ƙannena da 'ya'yana ne suka cika garejin ofis, bari in jera muku labarin yadda ya faru, har da wuraren da ba su yi mini kyau ba.

Lokacin Zamfara ba ta zama jiha ba, muna ƙarƙashin Sakkwato. A shekarar ne bushiya ta faɗa wa shanu. Ga wanda bai san ta ba, ciwo ne da in ya shiga garke sai ka ga saniya tana hawaye da dalalar yawu, ta yi ta zawo har ta faɗi. Ba ta da magani sai rigakafi. Aka umarci ofishin dabbobi na Kaura Namoda ya bi rugage a yi wa shanu allura, ga shi direban ofishin, Baba Tanko, ciwon ido ya zaunar da shi a gida. Sai aka shiga neman direba da gaggawa.

Ni kuwa babbar motar kaya mai bodin katako nake ja, ina ɗauko gero da dawa da auduga daga Shinkafi zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kaura. Na gaji da kwanan hanya, ga iyali, ina son aikin gwamnati. Da na je aka haɗa ni da Malam Isiyaku, babban malamin dabbobi. Shi ne ke bin likitan dabbobi a muƙami, kuma shi ke jagorantar masu allura in an fita daji. Ya duba lasisina, ya zagaya da ni bayan ofis ya nuna mini motar.

Tun ina yaro na taɓa hango irinta a ƙauyenmu, ranar da ta kawo masu lambar rigakafi, muka bi ta da gudu har bakin gari muna shaƙar hayaƙinta. Amma ban taɓa leƙa cikinta ba sai ranar. Gajeriya ce, mai dogayen ƙafafu, launin busasshiyar ciyawa, tayar safaya a ɗaure kan bonet, bayanta rufe da tamfol. Da na buɗe ƙofa sai na ga baƙon abu. Maimakon sandar giya guda da na saba gani, sanduna uku ne: babbar da na sani, da wata 'yar ƙarama mai kai ruwan ɗorawa, da wata mai jan kai a ƙasa kusa da ƙafa.

Malam Isiyaku ya ce, "Mamman, ka taɓa jan irin wagga?"

Na ce, "Haba Malam, wanda ya ja babbar mota, mi a wagga 'yar akwati?"

"Ba girma ni ka tambaya ba. Ka san aikin fowil?"

"Na sani."

Ban sani ba. Abin da na sani kawai shi ne an ce tayoyinta huɗu duk suna ja. Gidan Baba Tanko yana nan bayan kasuwa, da na je na durƙusa da ya koya mini kafin shayi ya huce. Amma na ji kunyar a ce a tasha Mamman da ke takama da babbar mota ya koma makaranta saboda 'yar jif. Aka ɗauke ni a matsayin direba ɗan gwaji, wato wanda ba a tabbatar wa aiki ba sai an ga kamun ludayinsa.

Akwai wani hali namu na direbobin manyan motoci a wancan zamani da ya kamata in bayyana. Birkin hannun motocinmu duk matattu ne, nawa ma buta nake ratayawa a jikinsa. In za mu tsaya sai mu bar mota a giya ɗaya mu kashe, karen mota ya diro ya cusa weji, wato guntun katako, a ƙarƙashin taya. Shekaru ina haka, har hannuna ya manta akwai wani abu wai shi birkin hannu. A aikin gwamnati kuwa direban jif ba shi da karen mota, ba shi da weji.

Ranar da muka fita, bayan sallar asuba muka loda kaya. Maganin rigakafin a cikin ƙananan kwalabe yake, jere a akwatuna masu ƙanƙara, domin in ya ji zafi ya mutu, ko an yi allurar ruwa kawai aka zuba. Malam yana gaba kusa da ni, masu allura biyu suna baya. Muka wuce Zurmi, muka saki titi muka nufi wajen Gurbin Bore. Rani ne, gulbin da ke kan hanya ya ƙafe sai yashi. Da muka iso bakinsa Malam ya ce, "Sa mata giyar taimako."

Na ce, "Wanga bai kai ba, Malam."

Na ja da baya na ba ta wuta. Da yake safiya ce yashin yana da sauran danshi, ta haye tana rangaji. Malam ya riƙe ƙarfen gabansa. Ni kuwa sai kaina ya ƙara girma.

Rugar ta wani dattijo ce, Ardo Manu, shugaban Fulanin yankin. Malam ya daɗe yana zarya kafin ya shawo kansa, don mutane suna zargin allurar dabara ce ta ƙirga shanu a dawo da jangali. Ardo ne ya tsaya musu, ya sa aka tara garkunan kowa wuri guda. Ban taɓa ganin shanu da yawa haka ba, jajaye masu dogon ƙaho da farare, har iya ganinka. A cikin kwari an kafa shingen allura, wato tsukukun layi na itace da ake kora shanu ciki ɗaya bayan ɗaya, a soka wa kowace allura a yanke mata gefen kunne don a san an yi mata.

Na tsayar da jif a kan tudu ƙarƙashin wata aduwa, hancinta yana kallon kwarin. Na sa giya ɗaya, na kashe, ban taɓa birkin hannu ba. Suka sauka da akwati guda suka fara aiki. Da na ga hankalin kowa ya koma kan shanu, sai na ce bari in saci ilimin da na ƙi tambaya. Na danna sandar nan mai kai ruwan ɗorawa, na ji ta shige. Na kama mai jan kan na jawo ta baya, na tura gaba, na sake jawowa. A tsakiya na ji ta yi sakwa-sakwa. Ina cikin lalube sai na ji an ƙwala mini kira daga kwari.

"Direba! Kawo akwati na biyu!"

Na diro yadda nake, na zagaya baya na jawo akwatin, na buga ƙofa da ƙarfi, na ɗora shi a ka na fara gangarawa.

Ban ji ƙarar komai ba. Abin da na fara ji shi ne salatin wata mata da ta yar da ƙwaryar nono. Na waiga, sai ga jif tana wuce ni ta gefen dama. Inji a kashe, kujerar direba ba kowa, sitiyari yana ɗan juyawa shi kaɗai. Wallahi na ga carbina yana lilo a jikin madubi. Na tsaya da akwati a ka kamar an dasa ni. Tana gangarawa tana ƙara gudu, shanu suka dare biyu, mutane suka watse.

A bakin shingen akwai wani dogon saurayi, magidanci ne ma, ya riƙe ƙahon wani bijimi ya ba tudun baya. Daga baya na san sunansa Riskuwa. Aka yi masa ihu, ya juyo, amma bijimin ya tare masa hanya. Ƙarfen gaban jif ya haɗa ƙafarsa da dirkar shingen. Ƙarar da na ji irin ta busasshen itace ce in an taka shi.

Sai da maza suka taru suka tura motar baya kafin aka zaro shi. Ƙashin ƙaurinsa ya ɓullo waje, jini yana tsartuwa. Bai yi ihu ba, bai yi nishi ba, gefen rawaninsa kawai ya cusa a baki ya cije. Malam Isiyaku ya durƙusa ya ɗaure cinyar da igiya, ya sa aka ɓallo itace biyu daga shingen ya tallafe ƙafar. Ni kuwa na ajiye akwatin ina ta faɗin, "Wallahi a giya na bar ta, wallahi a giya na bar ta." Da na ɗaga kai sai na ga samari sun kewaye ni, kowa da sandarsa, wasu hannunsu a kan kuben wuƙa. Ba wanda ya yi magana. Shirun nan ya fi zagi ban tsoro.

A nan ne Ardo ya yi magana. Yana tsaye can gefe, ya ba wanda ya ji ciwon baya, idonsa a kan garke. Ya ce, "Ku koma kan shanu. A ci gaba da allura, rana na yi, ƙanƙara na narkewa." Ya maimaita da Fulatanci, da murya mai kauri. Samarin suka ja ƙafa, ɗaya bayan ɗaya suka koma.

Da mai hankali ne ni, da na yi shiru. Amma mai laifi yakan nemi wanda zai fi shi laifi. Na daka tsawa yadda kowa zai ji, na ce, "Ina uban wanga bawan Allah? Mutum kwance cikin jini ana zancen shanu! Ardo, da ɗanka na, ba ka faɗin haka."

Har masu allura suka tsaya da sirinji a hannu. Ardo bai dube ni ba. Ya gyara malafarsa, ya ce wa wani dattijo da ke kusa, "Dikko, ka ji da baƙi." Ya shige cikin shanu.

Dikko ɗan'uwan Ardo ne. Ya so a kira maɗori, Malam ya ce, "Bappa, ƙashin da ya hito waje ba na ɗori ba na. In ba mu kai shi asibiti ba, jinin ga na iya tahiya da shi." Dikko ya amince. Aka shimfiɗa Riskuwa a bayan jif, Dikko ya tallafe kansa, aka bar masu allura biyu su ƙarasa aikin.

Na tayar da inji, na sa giya ɗaya, na saki kuloci. Inji ya yi kuka, mota ba ta motsa ba. Na sa biyu, haka. Na sa ribas, haka. Motar da ta yi tafiya ba kowa a cikinta, ga direba ga inji ta ƙi ko da rarrafe. Mutane suka fara ja da baya suna neman tsari, na ji wani yana cewa ba mota ba ce wannan. Zufa ta jiƙa mini riga. A bayana ina jin jini yana ɗiga a kan ƙarfen bodi.

Malam ya dube ni, ya dubi ƙasa wajen ƙafata. Ya ce, "Wa ya taɓa jan nan?"

Na so in ce ban sani ba. Sai na hango fuskar Riskuwa a madubi, leɓɓansa sun yi fari. Na ce, "Ni na, Malam. Ban san aikinta ba. Ban taɓa jan jif ba sai yau."

Ya ce, "Inna lillahi." Ya sunkuya ya tura sandar gaba da tafin hannu har ta ce ƙas. "In tana tsakiya, tayoyi sun rabu da inji, ko wace giya ka sa banza ta. Na ga Baba Tanko na yi shekara da shekaru. Da ka tambaye ni ma da na gaya maka. Tahi. Sauran magana sai mun kai."

Da muka dawo bakin gulbin rana ta take, yashin ya bushe, ga garkunan da suka ratsa sun tattake shi ya zama gari. Na ja da baya zan ba ta wuta irin na safe, Malam ya ce, "Tsaya! Kana son ka girgiza mai ƙahwa ta ƙarasa? Taka kuloci. Jawo jan baya har ƙarshe. Sa giya biyu. Saki a hankali."

Na yi yadda ya ce. Sai muryar motar ta sauya, ta koma gurnani mai zurfi, ta shiga yashin tana takawa kamar raƙumi. A tsakiya na ji ta fara nutsewa, ƙafata ta so danna totur, Malam ya dafe mini gwiwa. Da kunnena na ji tayoyin gaba suna kama ƙasa suna jawo mu. Ta fita ta hau gaɓa ba tare da ta jijjiga mai ciwo ba. Ashe tun safe wannan ƙarfin yana ƙarƙashin hannuna, ni kuwa ina wasa da shi kamar yaro da wuƙa.

Da muka hau titin Zurmi, shiru ya ishe ni. Na ce, "Baba Dikko, ya kamata a aika wa mahaifinai."

Dikko ya ce, "Mahaifinai ka yi wa tsawa."

Na ce, "Na'am?"

"Ɗan Ardo na. Ɗan farinai. Tun da anka haife shi bai taɓa kiran sunanai ba, bai taɓa ɗaukarai gaban mutane ba. Yau kake so ya faɗi kanai yana kuka?"

Malam ya ƙara da cewa, "Kuma da bai maida samarin nan kan shanu ba, da yanzu ku biyu muka ɗauko."

Ni kaina ɗan fari ne. Mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa cewa Mamman ba, sai dai "wancan" ko "mai motar nan". Na san kunyar ɗan fari tun ina cikin zane, amma ranar tsoro ya rufe mini ido har na jefi dattijo da maganar da ta fi kowace muni a gaban jama'arsa. Motar ta fara cin gefen titi ban sani ba. Sai na ji wata siririyar murya daga baya, maganar farko da Riskuwa ya yi tun da abin ya faru.

"Direba, duba gabanka. Ɗayar ƙahwar ina so."

Muka isa asibitin Kaura da la'asar, aka shiga da shi ɗakin tiyata. Likitan ya ce sai an ga yadda ciwon zai yi kafin a san ko za a bar ƙafar ko za a yanke. A ofis kuwa aka ba ni kwiri, wato takardar da ake neman ma'aikaci ya kare kansa. Ban kare ba, na faɗi abin da na yi. Likitan dabbobi ya so ya sallame ni, Malam Isiyaku ya ce shanu na mutuwa kuma babu wani direba a ƙasa. Aka tsawaita gwajina, aka tura ni gidan Baba Tankon da na ƙi zuwa. Ga shi ba ya gani sosai, amma ya kama hannuna ya ɗora a kan kowace sanda, ya sa na yi ta maimaitawa har yaran unguwa suna dariya.

Washegarin abin da safe na kawo kunu asibiti, sai na tarar da Ardo zaune a gindin darbejiyar da ke wajen ƙofa, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Bai shiga ba ranar, bai shiga ba har aka gama jinyar. Kullum in na fito daga ɗakin marasa lafiya sai ya ɗaga hannu ya ce, "Direba, baƙon naku ya kwana?" In ce ya kwana, ya sha kunu, ko in ce zazzaɓi ya tashi. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da zane ƙasa da sandarsa. Na lura in zazzaɓi na ambata, sandar rawa take yi.

Ranar da likita ya ce naman ya fara haɗewa, ba za a yanke ƙafar ba, da gudu na fito na gaya masa. Ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan katanga kamar mai kama ruwa, ya daɗe ƙwarai. Da ya dawo fuskarsa a wanke take, gemunsa yana ɗiga. Na zube a gabansa na ce, "Ardo, don girman Allah ka yafe mini."

Ya ajiye butar ya zauna. Can ya ce, "Ta mota na yafe tun can, abin da Allah ya rubuta na. Ɗayar, ka bari in ƙara kwana."

Da aka sallami Riskuwa ni na maida su ruga da jif ɗin nan. Damina na faɗuwa Ardo ya tashi da shanunsa suka bi ta Jangeru suka haye Nijar, ban sake ganinsa ba. Ƙafar Riskuwa ta warke amma ta gajarce, bai ƙara bin shanu ba. Ya zauna a Shinkafi ya zama dillali a kara, inda ake cinikin dabbobi. Duk ran kasuwa in na bi ta can sai ya hango ni ya ce, "Ga direban da motarsa ta fi shi son aiki!" Mu yi dariya, ya saya mini fura. Bayan shekaru ya gaya mini Ardo ya rasu. Na daure na ce, "Bai taɓa yi maka zancena ba?"

Ya ce, "Haba Mamman. Baba bai zancena ma, bale naka."

To, 'yan'uwa direbobi, abin da na ɗauka daga wannan rana ke nan. Motar da ba ka sani ba, ka faɗa da bakinka tun makulli yana hannun mai ba ka, domin kunyar tambaya a zaure take ƙarewa, ƙaryar sani kuwa wani ne can da bai ji ba bai gani ba zai ɗauke ta a jikinsa. Kada ka sauka daga kujera sai ka ja birkin hannu ka ji ya kama, ko da a fili ne kamar tabarma. Sannan aikinmu yana kai mu gidajen mutanen da ba mu san wane ne ɗan wane ba. In ka ga dattijo ya yi shiru a inda kake ganin ya kamata ya yi kuka, ka kama bakinka. Ƙashi ana ɗora shi ya haɗe. Ni maganar da na yi a kwarin nan, na tsufa ina roƙon Allah ya sa Ardo ya yafe mini ita kafin ya cika, kuma ba ni da wanda zan tambaya.